Kwalba bakwai da na sayar wa Hajiya

Ranar Alhamis na miƙa makullin kemis ɗin da na yi shekara shida a bayan kantarsa. Cikin duk mutanen da suka ratsa ta hannuna, wata Hajiya mai sayar da atamfa ce ta ƙi barin raina.

Da yamma ta zo. Sai da mutane suka ragu sannan ta ɗan zame ɗankwalinta. Gashin tsakar kanta ya tafi, fatar wurin sumul, har sheƙi take yi. Ta ce, "Malam, wurin nan zafi yake min da ƙaiƙayi, ko kitso ba na iyawa." Na ji batun zafin da kunnena, amma ban tsaya a kansa ba. Oga ya riga ya koya mana cewa duk wanda ya zo da zubewar gashi a miƙa masa minoxidil, maganin shafawa na tsiro da gashi. Na ba ta mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, na ce ta yi haƙuri wata uku zuwa shida, haka maganin yake.

A wata na huɗu, ganin wurin sai faɗi yake ƙarawa, na ce wa Oga mu tura ta wajen likitan fata. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai likita ne? In ta tafi asibiti, wa zai biya ka albashi?" Na yi shiru, na ci gaba da ɗauko mata kwalba. Bakwai ta saya.

Da ta gaji, ta kai kanta asibiti. Ashe irin zubewar nan ce mai barin tabo, wadda ke farawa daga tsakar kai tana bazuwa, kuma ta fi kama mata baƙar fata. Kumburi ne ke cinye saiwar gashin, saiwar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Da tun farko an soma yi mata allurar rage kumburi a fatar kai tare da shan ƙwayar doxycycline, da wataƙila an ceci sauran. Ta dawo ba faɗa ba zagi, ta ce, "Ɗan nan, da ka ce min ba aikinka ba ne, ai da tuni na tafi." Da ma zagina ta yi.

Sauran abubuwan da suka shafi zubewar gashi daga baya na tsince su. Mai jego da gashinta ke zuba wajen wata uku da haihuwa, yawanci da kansa yake dawowa, a dai duba ko jininta ya yi ƙasa. Mai sanƙon gado a gaya masa gaskiya: minoxidil ko ƙwayar finasteride, in ya daina, gashin da maganin ya riƙe zai zube, sanƙo ya ci gaba, kuma kada mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayar finasteride. Makeron kan yaro ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an sha griseofulvin makonni. Wadda kitso tamau ya cinye wa goshi, ta sassauta tun saiwa na da rai. Masu tara kuɗin dashen gashi a Turkiyya ma su sani, dashe ba ya hana ragowar gashin zuba.

Tun bayan Hajiya, duk kan da na ga yana sheƙi ko aka ce yana zafi, asibiti nake turawa. Oga ya ce kwastoma nake korar masa, har ya fasa ƙarin albashin da ya yi min alkawari. Kafin in fita na rubuta wa sabon yaron alamomin nan a takarda, na manna a cikin durowar kuɗi.