Daga Shillong zuwa Nongriat, ƙasar da ake dasa gada ta tsiro

Indiyar da yawancinmu muka sani ita ce ta fina-finai, ta Mumbai da Delhi. Jihar Meghalaya tana can arewa maso gabas, a saman Bangaladash, kuma komai nata daban ne. Mutanenta 'yan ƙabilar Khasi ba Hindi ne harshensu ba, yarensu dangin na Kambodiya ne da Biyetnam, kuma akasarinsu Kirista ne, addinin da ya yaɗu a cikinsu bayan zuwan ɗan mishan Thomas Jones a 1841. Na je ne don in ga gadojin da suke yi da saiwar itace mai rai, waɗanda suke kira jingkieng jri.

Jirgi yana sauke mutum a Guwahati ta jihar Assam. Daga nan tasi na haya kan yi kusan kilomita 100 a kan hanya mai hawa da lanƙwasa zuwa Shillong, babban birnin jihar, sai kuma kilomita hamsin da 'yan kai zuwa Sohra, garin da Turawa suka kira Cherrapunji. Motar ƙarshe tana tsayawa a ƙauyen Tyrna. Daga nan ƙafa ce.

Ba za a fahimci gadojin ba sai an fahimci ruwan. Mawsynram, maƙwabciyar Sohra, tana samun kusan milimita 11,800 na ruwan sama a shekara. Ita kanta Sohra ta taɓa samun sama da milimita 26,000 tsakanin Agustan 1860 da Yulin 1861. Iskar damina tana ɗebo danshi daga Tekun Bengal, ta ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Bangaladash ba abin da ya tare ta, sai ta ci karo da waɗannan tsaunuka ta juye kayanta. A irin wannan wuri gadar katako ruɓewa take yi, ta ƙarfe tsatsa ke cinye ta, ta gora kuwa ambaliya ɗaya ta ishe ta.

Daga Tyrna zuwa ƙauyen Nongriat, inda gadar da na je gani take, matakala ce ta siminti sama da 3,000, yawancinta gangara mai tsauri. A bakin hanya ana ba da hayar sandar gora, kuma kada mutum ya raina ta, domin gwiwa ce ke fara gajiya kafin numfashi. A hanya ana tsallaka gadojin waya na ƙarfe masu lilo a kan kwazazzabai, kuma da ido ake ganin yadda tsatsa ta kama su. Mazauna ƙauyen suna hawa da sauka da buhunan shinkafa a cikin kwando mai tsini, an ɗaure shi da maɗauri a goshi.

Itacen da ake amfani da shi suna ce masa dieng jri. Ɗan uwan cediya ne, mai sako jijiyoyi daga rassa su yi ta rataya har su taɓa ƙasa. Aikin yana farawa da dasa itacen a gaɓar rafi, inda saiwarsa za ta kama dutse ta riƙe gaɓar. Ana jira shekaru kafin ya fara sako jijiyoyi. Idan sun fito, tun suna sirara masu laushi, sai a kafa gadar wucin gadi ta gora a tsallaka rafin, a riƙa jan jijiyoyin ana ɗaure su a jikinta. Wasu kuma sukan tsaga kututturen itacen kwai, wani siririn dangin dabino, su rarake cikinsa, su kwantar da jijiyoyin a ciki. Wannan yana hana su bazuwa ko'ina, yana kare su daga rana, kuma in kututturen ya ruɓe ya zama musu taki.

Da jijiya ta isa ɗaya gaɓar ta shiga ƙasa, sai ta fara kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake kitsa su. Jijiya biyu da aka murɗa tare, ko aka ƙulla suna matse juna, da sannu ɓawonsu yakan haɗe su zama abu guda, ba ƙusa ba igiya. Da haka ake yin daɓen gadar, da abin dafawa na gefe biyu, da tokarar da ke saukowa daga rassan sama. Ramukan da suka rage a daɓen sai a cike su da faffaɗan duwatsu, jijiyoyi su rungume su. Yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, kafin gadar ta ɗauki mutane ita kaɗai, kuma a duk tsawon lokacin sai an riƙa sabunta goran saboda ba ya jure danshi. Wanda ya dasa sau da yawa jikokinsa ne ke morar gadar da ƙarfinta.

Shahararriyar gadar Nongriat tana kan rafin Umshiang, kuma hawa biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. Mutanen ƙauyen sun ce an yi ta saman ne don ruwa yakan haura ta ƙasan idan damina ta yi ƙarfi. Na taka ta, ba ta motsi kamar na waya. Mafi tsawo a cikin irin waɗannan gadoji ta wuce mita 50, tana kusa da Pynursla. A 2022 aka sa su cikin jerin wuraren da Indiya ke neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Gadar ta ƙauye ce, ba ta mutum ɗaya ba, kuma hakan ya dace da tsarin zamansu. A wurin Khasi yaro yana ɗaukar sunan dangin uwarsa, kuma 'yar autar gida, khadduh, ita ke riƙe gidan gado da kula da tsofaffi, kawunta na wajen uwa yana ba da shawara.

Abin da ke kashe gada kuwa sananne ne. Na farko sakaci: idan aka yi wa ƙauye titi, mutane suka daina bi ta tsohuwar hanya, ba mai kitsa sababbin jijiyoyi, ba mai cire ganyen da ke taruwa yana ruɓar da su. Sai sarar itacen don a tatsi ƙaronsa, da wutar daji, da zaftarewar ƙasa. A wuraren da baƙi suka yi yawa, tattakawa tana goge ɓawon jijiya, kuma simintin da ake zubawa kusa da gindi don a gyara wa baƙi hanya yana hana saiwa ruwa da iska. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin da sunan gyara ake yin sa.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi tsakanin Oktoba da Afrilu. Da damina matakalar santsi take yi, ga matsattsaku a cikin ciyawa. Musulmi ya kula da abinci, domin jadoh, shinkafar da suka fi ji da ita, galibi da naman alade ake dafa ta. A nemi farar shinkafa da miyar dal, wato miyar wake irin ta Indiya, da ƙwai. Akwai ɗakunan kwana a gidajen mutanen Nongriat, kuma gara a kwana a can a kama hawan da sassafe, domin dawowa ta fi tafiya cin lokaci nesa ba kusa ba.