Abin da tsohuwar Landiroba ta koya mini game da fenti

Da rani aka jawo ta garejinmu a Kazaure, ɗaure a bayan tarakta, tayoyi biyu a sace. Tsohuwar Land Rover ce doguwa, wadda iyayenmu ke kira Landiroba, ta fi shekara ashirin a yashe a gindin darbejiya a wani ƙauye da ke hanyar Roni. Wani Alhaji ne ya gaje ta daga mahaifinsa, kuma bayan gyaran inji buƙatarsa ɗaya ce: a mayar mata da launin da ta fito da shi daga kamfani. Ya ce ba sai mun wahala ba, koriya ce, da idonsa ya gan ta tun yana yaro.

Shekarata ta huɗu ke nan ina koyon fenti a lokacin, maigidana ya fara sakar mini aiki. Na karɓi maganar Alhaji hannu bibbiyu, don ta dace da abin da ke kaina. Wa bai san Landiroba da kore ba? Tun fitowarta a 1948 da kore aka san ta, kuma koren nan mai duhu da kamfanin ke kira Bronze Green shi ne ya fi yawa a hotunan da nake gani. Fentin da ke samanta fari ne, na gida, da buroshi aka shafa, duk ya tsattsage kamar ƙasan fadama a watan Maris. Na jona injin gurza, na kama fendar gaba ta hagu, kafin azahar na kai ta ga ƙarfe. Abu na ƙarshe da na gani kafin alminiyon ya bayyana wani siririn launi ne, rawaya mai ratsin kore. Na ce to ga shaida, kore ne rana ta kashe. Har na rubuta yawan gwangwanin da za a sayo daga Sabon Gari.

Maigida ya dawo daga masallaci, ya tsaya kan fendar ya daɗe bai ce komai ba. Ya shafa ta da tafin hannu, ya ji zanen da injin ya bari. Sannan ya ce, "Yaro, ka share wasiƙa kafin ka karanta ta."

Ya ce in kawo ruwa a roba da samfefa mai laushi. Ya zaɓi wuri a ƙofar baya, bai fi faɗin murfin kofi ba, ya fara gogawa a hankali yana zagayawa, yana zurfafa tsakiya, yana sassauta gefe. Bayan kamar rabin awa sai ga da'ira cikin da'ira, kamar an yanka albasa. Fari a waje. Kore a bayansa, mai kauri, da alamar an yi shi sau biyu. Sai jan fila a wani gefe inda aka taɓa cike lotsawa. Can ciki shuɗi, siriri, a kwance lafiya lau babu tudu babu kwari. A ƙarƙashin shuɗin kuma sai rawayan nan da ya ruɗe ni.

Ashe rawayan nan shimfiɗa ce, wato fentin farko da ake yi kafin a fesa launi. Jikin Landiroba alminiyon ne, domin ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, kuma alminiyon ba ya riƙe fenti sai an fara fesa masa wani wanda ke cin jikinsa ya kama. Launin kamfani shi ne wanda ya kwanta kai tsaye a kan shimfiɗar nan. Injin gurza ya haɗiye shuɗin cikin ƙiftawar ido, don ya fi kowane siranta, ban ma gan shi ba. Ga kuma ɓarnar da na yi wa fendar, domin alminiyon laushi gare shi, zanen da dutse ya yi masa sai da muka kwana biyu muna gyarawa.

Amma maigida bai yarda da wuri ɗaya ba. Ya ce ƙofa ana iya ciro ta daga wata motar, musamman irin wannan da kusan komai nata da noti aka ɗaure. Sai muka bi wuraren da mai fenti ba ya kai hannu. Muka ɗaga kujerar gaba muka leƙa cikin akwatin da ke ƙarƙashinta. Muka kwance hinjin ƙofa, muka ɗaga robar da ta bushe a bakin gilashi, muka cire allon mita da ke tsakiyar gaban motar. Ko'ina shuɗi. Wanda ya fi kyau shi ne na ƙarƙashin ɗan farantin da aka buga lambar casis a kansa, a bangon da ya raba inji da direba. Da muka ɗaga shi sai ga fenti yana sheƙi, rana ba ta taɓa ganinsa ba, ƙura ba ta shiga ba. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Wani ma'aikaci a Solihull, garin Ingila da aka ƙera ta, shi ne ya fesa shi tun ba a haifi mahaifiyata ba.

Shekarunta ma jikinta ya faɗa. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama ne a watan Afrilun 1972, daga nan aka koma sitiyarin hagu. Fitilunta suna tsakiya kusa da lagireto, ba su koma kan fenda ba, kuma mitocinta a tsakiya suke, ba gaban direba ba kamar na samfurin Series III da ta fito a 1971. Lambar casis ta nuna Series IIA ce, wadda aka fara yi a 1961. A cikin launukan wancan zamani akwai Marine Blue, shuɗi mai ɗan duhu da ya karkata zuwa ruwan toka, kamar rinin baba da ya sha wanki. Ɗan Alhaji ya gaya mana cewa gidan tarihin motoci da ke Gaydon a Ingila yana riƙe da littattafan kamfanin, ana aika lambar casis a nemi takardar shaida. Muka kwafa masa lambar.

Gaya wa Alhaji ya fi mini wuya. Na ce, "Ranka ya daɗe, motar nan shuɗiya aka yi ta." Ransa bai so ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin koriyar ce ta kai shi makaranta, ita ce ta kwaso gyaɗar gidansu. Bai yi ƙarya ba ko kaɗan, a koriya ya buɗe ido ya gan ta. Ya koma gida ya tambayi mahaifiyarsa. Washegari ya zo yana murmushi. Hajiya ta ce masa a cikinta aka kawo ta gidan tana amarya, kuma shuɗiya ce, sai bayan an yaye shi mahaifinsa ya sa aka yi mata kore.

Haɗa launin ya ci mana mako guda. Jiƙaƙƙen fenti a gwangwani daban yake da busasshe, abin da ƙwan lantarki ya nuna maka kuma rana za ta ƙaryata shi. Muka yanko gutsattsarin alminiyon, muka yi musu shimfiɗa irin ta motar, kowanne muka fesa masa haɗi daban, muka rubuta ma'auninsa a baya. In sun bushe sai mu kai su kusa da wurin farantin da hantsi mu gwada. Na farko ya yi haske, na biyu ya yi shuni da yawa. Sai a na biyar maigida ya gyaɗa kai.

Alhaji ya kai wa Hajiya guda uku ta gani. Ta ɗauki wanda ya fi haske ta ce wannan ne. Maigida ya ce ita ma gaskiyarta, a hannu mijinta ya sayi motar, ta riga ta sha ranar wasu shekaru kafin ranar auren. Muka tsaya kan na biyar.

Da asuba muka yi feshin, bayan mun yayyafa wa ƙasa ruwa saboda ƙura. Rufin sama muka yi masa ruwan madara. Ƙarafan da ke bakin bodi da kusurwoyi muka kankare su muka bar su tsirara, don haka kamfani ya fito da su, da ruwan tutiya kawai. Cikin akwatin ƙarƙashin kujera kuwa Alhaji ya ce kada a taɓa, muka wanke shi da sabulu muka mayar da murfin.