Kwana na biyu da na uku: yadda nake shirya hira a rediyo

Aikina wayar da kan jama'a ne a kan lafiya, kuma duk damina sai an gayyace ni gidajen rediyon Kano in yi bayanin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara. Tun daga 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari ga ƙasashen Sahel. Yaro daga wata 3 zuwa wata 59 yana shan maganin sau ɗaya a wata, na tsawon kwana uku.

Kafin in shiga ɗakin watsa shirye-shirye nakan tambayi kaina: matar da ke tankaɗe, rediyo na jingine a gindin turmi, me nake so ta riƙe in an rufe shirin? Amsa ɗaya ce. Ma'aikaci ne ke ba da maganin ranar farko, amma na kwana na biyu da na uku a hannun uwa yake, kuma a nan ake yawan sakaci, domin yaro na wasansa lafiya ƙalau, sai a ga kamar babu buƙata. Wannan jimla nake rubutawa a ƴar takarda, da ita nake farawa, kuma duk inda tambaya ta kai ni sai na dawo kanta. Idan hirar ta naɗa ce ma abin ya fi muhimmanci, don edita na iya ɗaukar daƙiƙa ashirin kacal cikin maganar minti goma. Gara duk inda almakashinsa ya faɗa ya tarar da saƙon.

Sunayen magungunan, sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine, ba na kai su gaban makirufo sai an tambaya. Cewa nake yi a narkar da ƙwayar a cokali da ɗan ruwa mai tsafta, in yaro ya yi amai cikin rabin awa a nemi ma'aikacin, in kuma jikinsa da zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa tukuna. Nakan karanta wa maƙwabciyata wannan bayani da daddare. Wurin da ta ce "me kike nufi?" shi nake gyarawa.

Inda hankali ke tashi shi ne lokacin buɗe layin waya. Ba a rasa dattijon da zai ce, "Malama, ku gaya mana gaskiya, me ya sa wannan kyauta ne alhali in mun je asibiti sai mun biya?" Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya san yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ba zai raina ta ba. Ba na maimaita jita-jitar da ke jawo irin wannan tambaya da bakina, ba na kuma katse shi. Nakan ce, "Baba, kana da gaskiya da ka tambaya," in faɗi abin da maganin ke yi, in roƙe shi ya tsaya da kansa ya ga an ba jikansa na kwana na biyu da na uku. Alƙaluman da ban tabbatar ba kuwa, ko mai gabatarwa ya matsa, cewa nake yi zan binciko in kawo a shiri na gaba.