Talata: ni da Malam a kan Clementi

Darasin fiyano ya yi daɗi yau, har Malam ya ce yatsuna sun fara sakuwa. Kiɗan Muzio Clementi muka yi, ɗaya daga cikin ƙananan kiɗe-kiɗe shida da ya fitar a 1797 domin masu koyo. Ina cikin murnata sai Malam ya rufe littafin ya ce, "Ai wannan ɗan kasuwa ne, tallan fiyanonsa yake. In kina son kiɗa na gaske, sai Mozart."

Na ce, "Malam, yaushe neman halal ya zama aibi?" Dariya kawai ya yi.

Maganar ta tsaya min a rai har gida. Ina jin daga wurin Mozart ɗin ya gaji wannan raini. A Disambar 1781 Sarki Joseph na Biyu ya haɗa Mozart da Clementi gasar fiyano a Biyana, babban birnin Ostiriya. Da aka tashi, Clementi ya yaba wa Mozart sosai, shi kuwa Mozart ya rubuta wa mahaifinsa cewa mutumin gudun yatsu kawai ya iya, babu ɗanɗano. Wanda ya yaba shi aka manta, wanda ya kushe ake maimaita maganarsa. Wallahi abin ya ɓata min rai.

Kasuwancin ma ba wasa ba ne. A 1798 Clementi ya shiga kamfanin Longman da Broderip a Landan bayan kamfanin ya karye, ya koma ƙera fiyano da buga littattafan kiɗa. A 1807 gobara ta cinye masana'antar, kuma a shekarar ce ya daidaita da Beethoven kan buga ayyukansa a Ingila. Wa ya fi wanda ya tashi a kan kayan kiɗa sanin inda maƙeri zai gyara? Da Clementi ya rasu a 1832, a Westminster Abbey, cocin Landan da ake binne manyan Ingila, aka binne shi.

An ɗauke wuta da la'asar. Inna ta yi dambu, ban ci da yawa ba.

Da dare kuma wani abin ya dame ni. A Roma aka haifi Clementi a 1752, yana shekara 14 wani attajirin Ingila, Peter Beckford, ya biya mahaifinsa ya tafi da shi Dorset, kusan shekara bakwai yana yi wa maigida kiɗa. Autanmu ma shekararsa 14. Ban ga kuɗin da zai sa Baba ya miƙa shi ga baƙo ya ƙetare teku da shi ba.