Ƙanena, kafin ka buga zanen da manhaja ta fitar

Yawancin kurakuran da muka tafka a farkon aiki da manhajojin lissafin ƙarfin gini irin su ETABS, STAAD.Pro da Orion ba daga lissafin manhajar suka fito ba. Daga abin da muka shigar mata ne, mu kuma da ba mu ga jan gargaɗi a allo ba sai muka saki jiki.

Fara da kankare, don nan ne tarkon ya fi ɓoyuwa. Ana gwada ƙarfin kankare da ɗan samfuri mai siffar kub ko silinda: ƙa'idar zane ta Birtaniya, BS 8110, da ƙarfin kub take aiki, ta Turai, Eurocode 2, kuwa da na silinda. C25/30 na nufin silinda 25, kub 30. To idan kub ɗin da aka zuba a wurin aiki 25 yake bayarwa, kankarenka C20/25 ne. Ka rubuta 25 a gurbin fck, wato ƙarfin silinda, ka ba ginin ƙarfin da ba shi da shi ke nan, kuma manhajar ba za ta ce maka uffan ba. Haka ma ninkin nauyi da ake yi don kariya: BS 8110 tana ninka nauyin gini da 1.4, na mutane da kaya da 1.6; Eurocode kuwa 1.35 da 1.5. Ka zaɓi ɗaya, kada ka gauraya.

Sai bango. Manhaja tana lissafa nauyin dekin, bim da ginshiƙi da kanta, amma bulon da za a jera a kai ba ta san da shi ba sai ka faɗa mata. Bulo inci 9 da fulasta gefe biyu ya kai kusan 3.47 kN (kilonewton, ma'aunin nauyi) a kowace murabba'in mita, wato bango mai tsayin mita 3 yana ɗora wa bim sama da 10 kN a kowace mita. Wannan mantuwa tana jawo tsagewa a ƙarƙashin bim. Akasin haka ma yana faruwa: a ETABS ka bar ninkin nauyin kai a 1 a rukunin nauyi biyu, sai a lissafa dekin sau biyu, mai gida ya sayi rodin da babu buƙatarsa.

Rodi kuma, 460 ɗin da ka tarar a akwatin ƙarfin rodi na manhajar ba shi ne ƙarfin abin da ke kasuwa ba sai gwaji ya tabbatar. Shi ya sa injiniyoyi da yawa a Najeriya ke lissafi da 410. Ƙarfin ƙasa ma kada ka kintata, balle a baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi mai kumbura da damina, ta tsage da rani.

Kada ka ɗauka ƙananan ofisoshi kaɗai abin ke samu. A 1991 gindin kankare na dandalin haƙar gas na teku mai suna Sleipner A ya nutse a Norway, saboda samfurin kwamfuta ya lissafa ƙarfin da ke yankar bangonsa ƙasa da yadda yake da kusan kashi 47 cikin ɗari.

Don haka ka ajiye biro kusa. Haɗa jimillar nauyin da ke sauka a fandisho, ka gwada da wanda ka ɗora. In sun saɓa, akwai gaɓar da ba ta haɗu ba. Ɗauki bim guda mai tsayin mita 5 da nauyin 30 kN a kowace mita: wL²/8 (w nauyin, L tsayin) ya ba ka ƙarfin lanƙwasa kusan 94 kNm. In bim ɗin a sake yake a bakinsa biyu amma manhajar ta nuna 60, ka koma ka duba yadda ka ɗaure bakunan, mai yiwuwa ka ƙulle su ba da saninka ba.