Laraba: Kawu da gawar da aka hana binnewa

Wuta ta ɗauke tun kafin in gama guga, haka na fita da mayafi a yamutse. Ofis ba labari.

Da la'asar Auta ta tare ni tun daga zaure da takardu a hannu. "Yaya, don Allah ki zame min Kiriyon, wanda aka haɗa mu ya ƙi ɗaga waya." Wasan kwaikwayon ƙarshen zangonsu ne, Antigoni. Ba ainihin na Sofokilis na Girka ba, wanda aka yi wajen shekara 441 kafin haihuwar Annabi Isa, na Bafaranshen nan Jean Anouilh aka ba su. Muka shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya, ni sarki Kiriyon, ita Antigoni, yarinya mai taurin kai.

Kawu yana kan kujerarsa da rediyo a kunne. Mun ɗauka ba ya jinmu, sai ga shi ya rage murya.

"Wai me yarinyar ta yi ne ake ta yi mata tsawa?"

Auta ta gyara zama. Ta ce 'yan'uwa biyu ne suka yi rigimar sarautar birnin Tibis har suka kashe juna. Sabon sarki ya yi wa ɗaya jana'iza ta girma, ɗayan kuwa, Polinaisis, wanda ya kwaso mayaƙa daga waje, ya ce a bar shi a fili, duk wanda ya taɓa shi a bakin ransa. Ƙanwarsu ta je ta zuba masa ƙasa. "Kuma Kawu, sarkin kawunta ne, ɗan'uwan uwarta," ta ƙara tana ƙunshe dariya.

Bai kula tsokanar ba. "To ai shi ke nan. Wanda ya jawo wa garinsu yaƙi me ya rage masa? Bin na gaba bin Allah ne." Kun dai san Kawu, ko dokar shara aka kafa shi ne farkon fita da tsintsiya. Har ya mai da rediyo kunne, sai ya sake sauke ta.

"Tsaya, 'yar nan. Gawar ce aka hana binnewa?"

"Ita fa. Ga ungulu, ga karnuka."

"A'a, a'a. Wanda ya mutu ai ya gama da sarki, saura shi da Mahaliccinsa. Sutura hakki ce a kan gari duka, in wani ya yi ya sauke wa kowa." Mutumin da digarsa da sheburinsa ke jingine a zaure, ko tsakar dare aka yi rasuwa a unguwa shi ake fara bugawa ƙofa.

"Ke nan ta yi daidai?"

"Ban ce ba. Ta nemi dattawa su je su ba sarki baki."

"Ai ɗansa na cikinsa ma ya roƙe shi, shi ne zai aure ta. Bai ji ba. Ta rataye kanta a kogon da aka rufe ta, ɗan ya bi ta, uwarsa ta bi shi."

Kawu ya yi salati ya yi shiru.

Ni abin da ya tsaya min daban ne. Kiriyon ɗin Anouilh ba azzalumin da za ka tsana ka huta ba ne. Gajiyayyen mutum ne da ke ganin dole wani ya riƙe gari. Lallashinta yake yi ta koma ɗaki a rufe maganar. Har ya gaya mata cewa dawaki sun tattake gawarwakin biyu ba a gane su, shi dai wadda ta fi kyan gani ya sa aka ɗauka aka yi wa jana'izar girma, bai ma san ko ta wane ce ba. Ina karantawa ina jin maganar tana zama daram a bakina, ba gargada. "Umarni ne daga sama," sau nawa ake faɗar wannan a tagar ofishinmu kafin azahar, cikin ladabi, har da ban haƙuri? An fara nuna wasan a Paris a watan Fabrairun 1944, sojojin Jamus na riƙe da birnin, kuma masu tace wasanni suka bar shi ya wuce. Masu turjiya suka ga kansu a yarinyar, masu bin Jamusawa suka ga hankali a sarkin, kowa ya tafa. Yau na gane yadda aka yi hakan ya yiwu, kuma ganewar ba ta yi min daɗi ba.

Auta ce ta sake kunno Kawu. Ta ce fursunonin tsibirin Robben na Afirka ta Kudu sun taɓa yin Antigoni a kurkuku, kuma Mandela ne ya fito a Kiriyon. "Mandela? Sarkin?" Sau biyu ya tambaya. Ta ce a 1973 ma Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona sun gina wasansu The Island a kan fursunoni biyu da ke shirya shi a ɗakin kurkuku, sannan Femi Osofisan ya mai da shi ƙasar Yarbawa zamanin Turawan mulki a Tegonni, 1994.

Da jin shekarar Kawu ya ce, "Lokacin soja ke nan." Can kuma, ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce su Saro-Wiwa, 'yan fafutukar Ogoni da aka rataye a Fatakwal a Nuwamban 1995 ma ba a miƙa gawarsu ga iyalansu ba a lokacin. "Muna aiki a sakatariya. Muka ji a rediyo, muka ci gaba da aiki." Aka kira magariba ya ɗauki buta.

Tuwon dare miyar kuka, gishiri ya ɗan yi yawa, ba wanda ya tanka wa Inna.

Auta kuma ba ta da ta ido. Bayan isha'i ta je ta durƙusa wai Kawu ya ara musu babbar rigarsa ta Sallah, Kiriyon zai sa. Ya ce rigarsa ba za ta hana kowa kabari ba. Ta ce to Mandela ma ya yi. Ya ce ta dawo gobe, kuma ta zo masa da takardun ya karanta da kansa.