Ɗan damben da ake ta kashewa: inda nake fara gyara

Idan aka kawo mini horo yaron da aka kashe, wato aka kai shi ƙasa, sau uku ko huɗu a jere a gidan damben Ado Bayero Square da ke Kano, nakan hana shi sa zare, wato ɗaure hannu ya shiga dambe, na wata ɗaya da rabi. Ba ya so, don da kuɗin liƙi yake ci, amma hannun da ya kumbura ba ya warkewa muddin ana ɗaure shi kullum. Wanda ke jin jiri ko ciwon kai bayan faɗuwa kuwa, asibiti zai fara zuwa.

Yawancinsu da maganar asiri suke zuwa. Ni ƙafa nake dubawa. Yaro ya kai duka da dukkan ƙarfinsa, nauyinsa ya koma kan ƙafar gaba, hannun karewa ya sauka, haɓa ta fito fili. Ko ba a same shi sosai ba, turi kaɗan zai sa ya dafa ƙasa, kuma dafa ƙasa kisa ne. Don haka sati biyun farko babu duka sam. Ya buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, abokinsa na tura shi ta gaba da gefe, minti uku-uku har sau shida, hannun karewa a miƙe. Da asuba gudun kilomita biyar, saboda galibi a turmi na uku, wato zagaye na uku, numfashi ke ƙare musu.

A damben Turawa ma haka abin yake. James Braddock na Amurka ya karya hannun dama, ya koma dako a tashar jirgin ruwa da hagu har ta yi ƙarfi, ya doke Max Baer a 1935 ya ɗauki kambun duniya. Anthony Joshua, wanda Andy Ruiz ya buge a watan Yunin 2019, kilo biyar ya rage, ya koma yawo da ƙafa yana duka daga nesa, ya karɓe kambunsa a Saudiyya a Disamba.

Ranar dawowa ce mai wuya. Kalangu na tashi, aka wasa shi, sai ya nufi wanda ya kashe shi don ramuwa. Nakan riƙe shi, in nema masa sa'ansa. Turmi uku babu kisa ya ishe ni a dambe biyun farko. Makaɗi ma nakan ja shi gefe in ce, "Don Allah, Malam, a sassauta masa kirari yau."